Ƙafar Malam Isiyaku a Hanyar Runka

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, mu ma'aikatan jinya da likita guda, a akori-kura cike da kwalayen maganin da jama'ar masallacinmu suka tara. 'Yan'uwa na Katsina ne suka gayyace mu duba marasa lafiya kyauta a ƙauyukan Batsari da Safana. Ni dai ban taɓa tsallaka iyaka da sunan aiki ba sai wannan karon.

A iyakar Jibiya wani jami'i ya buɗe kwali, ya ga na'urar awon jini, sai ya naɗe hannun riga ya ce a fara da shi. Muka auna, ashe jininsa ya hau bai sani ba. Da addu'a ya sallame mu. Daga nan direba ya ƙi bin hanyar da ta miƙe zuwa Batsari, ya ce sai dai mu zaga ta Katsina. Babu wanda ya tambaye shi dalili.

Kaka ce, amma bayan Batsari mun wuce gonakin da dawa ta nuna har ta sunkuya, babu mai girbi. Babura sun fi motoci yawa, kuma duk wanda ya tunkaro mu sai hira ta mutu a motar har ya wuce. A garin Runka aka tarbe mu da doguwar gaisuwa da fura da nono mai kauri. Mai furar ta rantse ba ta sayar wa baƙon da ya zo aikin Allah.

A ajin makarantar firamare muka shimfiɗa kaya. Zazzaɓin sauro, ciwon ido, tari, da mata da yawa masu cewa barci ya ƙaurace musu. Wajen azahar aka kawo wani dattijo a kan babur, Malam Isiyaku, manomi, wanda bai jima da kuɓuta daga hannun 'yan bindiga ba. Da na kwance tsumman da ke ƙafarsa sai na ga inda sarƙa ta ci naman idon sawu. Ciwon ya ruɓe, kumburi ya haura har ƙwauri. Ina wankewa bai ko motsa ba. Abu guda ya tambaye ni.

"Ɗana, in ka naɗe ta zan iya alwala? Tun a daji taimama nake yi."

Na ce, "Baba, ku shafa a kan bandejin, ya isa."

Likitanmu ya duba ya ce abin ya fi ƙarfin kayanmu. In ba a kai shi babban asibitin Katsina ba ƙafar za ta tafi, wataƙila har da rai. Malam Isiyaku ya girgiza kai. Ya ce a hanyar Batsari aka kama shi, kuma ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake hawanta ba. Matarsa da ke tsugune a gefe ta ce a hankali, "Malam, ba don ka zo ka mutu a ɗaki na roƙi Allah ya dawo da kai ba."

Malam Isiyaku ya dube ta. Sannan ya ce a ɗauko masa hularsa.

Kafin la'asar muka tattara, domin ba a bin hanyar da yamma. Muka zaunar da shi gaba, tsakanina da direba. Da muka kusa wata kwalbati mai tsamiya a gefe sai ya damƙe wuyan hannuna.

"Nan ne," ya ce.

Sai na fara salati. Direba ya amsa, matarsa da sauran 'yan'uwa a baya suka ɗauka. Malam Isiyaku bai sake ni ba har muka ga gidajen farko na Batsari.

Mun damƙa shi ga likitoci a Katsina, muka kwana, washegari muka koma Maraɗi lafiya. Daga baya aka kira mu a waya: an yanke ruɓaɓɓen naman, ƙafar ta tsira, sai dai zai dinga ɗingishi.

Na dawo da sanin cewa akwai bayin Allah da ba nisa ne ya raba su da asibiti ba, tsoro ne. Na kuma gane cewa wani lokaci iyakar aikin ma'aikacin jinya shi ne ya bar hannunsa a riƙe har a wuce wurin. Allah ya kawo wa mutanen Runka ranar da za su hau hanyarsu suna hira.