Wata Uku a Mashigin Rafin Garinmu

Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Funtua lokacin da abubuwa suka ƙi. Kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, iyaye suka riƙa cire 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har ranar da mai makarantar ya kira mu mu huɗu, ya daɗe yana gyaran murya kafin ya ce mu yi haƙuri. Ban ga laifinsa ba, don shi ma motarsa ya sayar. Na kwashe matata da yaranmu biyu muka koma gidanmu na gado, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dayi, inda mahaifiyata take zaune.

Ashe ba ni kaɗai na dawo ba. A bencin mai shayi na tarar da abokina na ƙuruciya, direban babbar mota, wanda maigidansa ya jingine motar saboda tsadar mai. Ga wasu da aka sallama daga kamfanin gurzar auduga, ga magina da suka baro birni. Lokacin rani ne, babu aikin gona, sai mu wuni muna gyara ƙasa da baki.

Ana cikin haka aka faɗa a rediyo cewa gwamnati za ta ɗauki marasa aiki na wata uku, su yi gyaran hanyoyi da magudanai, ana ba su ɗan abin hannu duk wata. Muka yi dariya muka ce ai na yaran 'yan siyasa ne. Da mai unguwa ya yi shela ma ban yi niyyar zuwa ba, sai da matata ta ɗauko takalmina ta ajiye a gabana.

"Malam, je ka rubuta sunanka. In ba a ɗauke ka ba, ai ka sha iskar Malumfashi."

Na je, na bi layi a sakatariya, aka ɗauki hotona, na dangwala yatsa. Bayan mako uku sai ga sunana a bango, ni da direban. Aka ba mu shebur da diga da baro, da wata riga mai ƙyalli wadda ta tsaya mini a cibiya. Da na shigo gida da ita mahaifiyata ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Yau ga malamin makaranta ya zama ɗan sandan hanya," in ji ta.

Aikin da aka ba rukuninmu shi ne mashigin rafin da ya raba garinmu da titi. Duk damina ruwa yakan cinye wurin, mota ba ta shigowa, sai a yi ta jigilar masara da barkono a kan babur buhu ɗai-ɗai. Mu wajen ashirin ne, har da mutanen wata unguwar Maguzawa da ke ƙetaren rafin, mata huɗu da wani dattijo. Dattijon siriri ne, ba ya yawan magana, kowa Baba yake ce masa. Ya ce shi ba aiki ya rasa ba, ɗansa ne aka sallama a Kaduna ya dawo da ciwon ƙafa, shi ya sa mai unguwa ya roƙa aka sa uban a madadinsa.

Ranar farko na sha kunya. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, na tura baro ya kife da ni cikin yashi. Matan nan kuwa sai su cika ƙwarya da duwatsu, su ɗora a kafaɗa kamar yadda suka saba ɗaukar kaya, su wuce ni suna hira. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya ta dube ni.

"Malam, alli ya fi wannan sauƙi ko?"

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Baba ne ya zo ya karɓi shebur ɗin, ya nuna mini yadda ake sa gwiwa a tura, ba a bar wa baya nauyin ba. Ya ce in na koma gida in shafa man kaɗanya, kada in fasa bororon.

Mai duba aikinmu wani saurayi ne daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, yana zuwa a kan babur da takarda a naɗe. Mutumin kirki ne, amma abin da takarda ta ce shi yake bi. Takardar kuwa ta ce a cike ramin da jar ƙasa a daddaɓe. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce:

"Yallaɓai, ruwan nan ba ta nan yake zuwa ba. Ta gindin waccan ɗorawar yake karyowa. In ba a jera dutse an dasa jema a baki ba, tuwo kuka tuƙa mashi."

Jami'in ya ce babu dutse a tsarin da aka ba shi, kuma ba shi da ikon sakewa. Baba bai yi musu ba. Ya roƙi a bar mashi gefe guda kawai, wajen taku goma, ya yi yadda ya sani. Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ba za a nemi ƙarin kaya ba, ya je ya yi. Ni da direban muka bi Baba, ni dai don na lura gefensa akwai inuwa.

A nan na ga aiki. Baba yakan juya dutse sau uku ko huɗu kafin ya zaunar da shi, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, kowanne ya ciji ɗan'uwansa. Muka je fadama muka tono jema, wata ciyawa mai doguwar saiwa, muka dasa a layi, matan suna ba ta ruwa safe da yamma. Na shekara shida ina zana zaizayar ƙasa a allo ina bayani, amma ban taɓa sanin da wane gefe ake kwantar da dutse ba.

Lokacin mangwaro ne. Da rana ta take sai mu zauna ƙarƙashin ɗorawa, kowa ya kwance abin da ya zo da shi, wannan ɗanwake, wancan rogo da ƙuli. Direban yana ba mu labarin hanyar Legas, rabi gaskiya rabi ƙari. In mun tashi salla, Baba da mutanensa sukan tsare mana kayan aiki, su kore awaki daga jemar. Kuɗin watan farko sai da muka cire rai sannan suka shigo. Ranar, wayoyi suka riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya a aljihu, wani magini ya jefar da diga ya kama rawa. Na sayi tsire na kai gida, matata ta ce ashe rigar ƙyalli tana da amfani.

A farkon wata na uku aka yi ruwan fari, mai ƙarfi kuwa. Da gari ya waye muka ruga bakin rafi. Jar ƙasar da aka sha wahalar daddaɓewa ta tafi, sai wani rami da ya fi na da. Gefen Baba kuwa yana nan daram, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Muka yi tsaye cirko-cirko. Can sai ga jami'in a kan babur. Ya sauka, ya dubi nan, ya dubi can, ya cire hula ya sosa kai. Mun zaci zai yi faɗa, sai ya tuntsire da dariya.

"Baba, ruwa ya ci tuwonsa. Yanzu yaya za mu yi?"

"A samo dutse, Yallaɓai. Saura kwana nawa?"

"Ashirin da 'yan kai."

"Sun isa, in malamin nan ya daina kifar da baro."

Jami'in ya koma ofis ya yi ta fama har aka ba mu tifa biyu na dutse. Mutanen gari da ba sa cikin shirin ma suka fito gayya, masu amalanke suka kawo tasu gudummawa. Baba ya zama shugaban aiki ba tare da kowa ya naɗa shi ba, jami'in na biye da shi yana rubuta abin da ya faɗa. Muka gama ana saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Shirin bai wuce wata ukun nan ba, kuma bai mayar da kowa bakin aikinsa ba. Ni gona na shiga a daminar, daga baya na fara koyar da yaran gari da yamma. Amma da kaka ta yi, wani Alhaji mai sayen hatsi ya turo babbar mota har cikin garinmu, ya kuma ɗauki abokina ya tuƙa ta. Da abokin nawa ya iso mashigin sai ya tsaya, ya leƙo ta taga ya ce sai Baba ya hau. Haka suka haye a hankali, Baba na zaune a gaba ya riƙe ƙofa da hannu biyu, mata na guɗa.

Bayan an gama girbi Baba ya aiko a kira mu cin abinci a gidansa, duk rukunin. Muka tarar ya ɗaure ɗan akuya a gindin rumbu. Ya miƙo mini wuƙa.

"Malam, kai za ka yanka, don kowa ya ci hankali kwance."

Na ce masa gaskiya ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza ba. Direban ya ce a ba shi, Baba ya ce a'a, malam aka ce. Mutum uku suka danne mini akuyar, na yi bisimilla na yanka, aka gama lafiya. Matan suka yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, jami'in ya zo a makare ya cinye malmala uku. Da za mu tafi, Baba ya ba ni ƙafar akuya guda a cikin ganye, ya ce in kai wa tsohuwa.