Ranar da Sista Binta ta hana ruwa

Ina cikin wanke hannu bayan zagayen safe aka kira ni daga Roni, aka ce Sista Binta ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe famfo, na zauna a bencin masu jiran likita.

A hannunta na koyi aikin jinya, a ɗakin gaggawa na wani asibiti a Kazaure. Mace ce mai faɗa, ba zan ɓoye ba, ta sha sa ni kuka. Takan ce, "Kada ki tsaya a ina ke ciwo. Tambayi me ya fara zuwa."

Wata rana da hantsi aka kawo wani dattijo makiyayi daga wajen Gwiwa. Ya ci naman sunan jikansa, ya yi amai da ƙarfi, ƙirji ya riƙe shi har numfashi na gagararsa. Ni tuni na yanke cewa gyambon ciki ne. Sista ta ce, "Baba, aman ne ya riga, ko ciwon?" Ya ce aman. Ta danna gindin wuyansa, sannan ta ɗora yatsuna a wurin. Na ji fatar tana ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Ta ce iska ce ta taru a ƙarƙashin fata, domin yunƙurin aman ya tsaga hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Duk abin da ya haɗiya, cikin ƙirjinsa zai zube.

Ta fita kiran likita, sai babban ɗan dattijon ya kawo ruwan rubutu a kofi. Da ta dawo ya ce, "Sista, don Allah, ko kurɓi ɗaya ne."

"Ɗana, ban raina addu'a ba. Shafa masa a fuska da ƙirji. Amma ko ɗigo ba zai wuce maƙogwaronsa ba."

Ransa ya ɓaci, amma ya shafa. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi allurar kashe ƙwayoyin cuta, hoton ƙirji ya tabbatar da zatonta. Kafin azahar motar asibiti ta kama hanyar Kano, inda aka yi masa tiyata. Dattijon ya rayu.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, lokacin da ta shigo kofin a hannuna yake, har na tallafo kan dattijon. Ta riƙe min hannu kawai, ta karɓe kofin. Duk faɗanta, a kan wannan ba ta ce min uffan ba har ta koma ga Allah.

Allah Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa min, Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙuri, Ya raya su cikin albarka. Amin.