Ranar da Malam Ilu Ya Raba Kwamfutarmu Gida Biyu

Cikin shekarun da na yi ina aikin akawu a ofishin ƙungiyar manoma a Makarfi, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Saura mako biyu a fara rabon iri.

Kwamfuta ɗaya tal gare mu. A cikinta rajistar manomanmu take, ta shekara da shekaru, tun daga Paki har Taba: sunan kowa, gonarsa, da irin da ya saba karɓa. Tsohuwar manhajar da ke riƙe da rajistar nan a kan Windows kaɗai take aiki. Sai ga takarda daga masu tallafa mana, wai bana sai an zana taswirar kowace gona kafin a ba da iri, manhajar taswirar da suka aiko kuma a kan Linux take tafiya. Ga wanda bai sani ba, Windows da Linux su ne tushen da kwamfuta ke tashi a kansa kafin ta buɗe komai, kuma galibi ɗaya ake sa mata. Mu duka biyun muke bukata.

Sakatarenmu, Alhaji Sani, ya ce in je Ikara in ɗauko Malam Ilu. Na san mutumin. Tsohon mai gyaran tafireta ne, gemunsa fari fat.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin 'yan boko ne. Ba a nemo wani daga Zariya ba?"

Ya ce, "Je ka dai, Garba."

Da muka iso, Malam Ilu ya gaisa da kowa har maigadi, sannan ya zauna. Bai fara komai ba sai da ya kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar ya zuba a wata ma'ajiya da ya zo da ita. Ya ce in buɗe kwafin in nemo masa sunan mahaifina. Na nemo, ga gonarsa ta bakin fadama. Ya ce, "To, yanzu na yarda an kwafa." Ya sa aka tayar da janareto duk da akwai wuta, don in ta ɗauke ana tsakiyar raba kwamfutar, komai na iya lalacewa.

Daga nan ya matse wurin da Windows ke zaune a rumbun kwamfutar, ya fitar da fili, ya sa filashi ya ɗora Linux a filin. Wajen ƙarfe ɗaya ya kashe ta ya sake kunnawa. Ta tashi kai tsaye a Linux. Babu Windows, babu rajista, babu alamar sun taɓa zama a wurin.

Alhaji Sani ya dafa tebur. "Malam, ina mutanenmu?"

Ni kuwa na san inda matsalar take. Kwafi yana nan, amma manhajar da ke karanta shi, wanda ya sa mana ita ya rasu tuntuni.

Malam Ilu ya ce, "Suna nan, Alhaji. Ƙofar ce ba a nuna ba. An kira azahar, mu je mu dawo."

Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da muka dawo, ya zaro wani littafi mai bangon fata daga aljihu. Na leƙa. Kowane shafi, layi ɗaya na Turancin kwamfuta, a ƙasansa bayani da ajami, da rubutunsa. Ya buɗe wani baƙin allon rubutu a kwamfutar, ya gyara gilashinsa, ya buga layi biyu da yatsu goma ba tare da ya dubi maɓallan ba. Ya sake kunnawa. Sai ga jeri ya bayyana: Linux a sama, Windows a ƙasa, kwamfutar tana jiran mu zaɓa. Ya ce in zaɓi na ƙasa. Rajista ta buɗe, ko suna ɗaya bai ɓace ba.

Na juya wajen Malam Ilu. Na tambaye shi inda ya koya.

Ya ce, "Da tafireta ta mutu, na ga ko in mutu tare da ita ko in bi abin da ya gaje ta. Na sayi wata tsohuwar kwamfuta, sau bakwai ina lalata ta. Duk abin da ke littafin nan, sai da ya hana ni barci kafin na rubuta shi."

Bai tafi ba sai da na shiga kowane ɓangare sau uku da hannuna. An yi taswira, iri ya isa hannun manoma kafin ruwa ya zauna.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na ɗauka a ranar shi ne: gwani ba shi ne wanda abu ba ya ɓaci a hannunsa ba, shi ne wanda ya riga ya ga ɓacin a gidansa kafin ya taɓa kayan mutane. Tun daga ranar kuma, in dattijo ya shigo ofis, nakan miƙe in ba shi kujera kafin in tambayi abin da ya iya.