Ranar da Na Ƙwanƙwasa Motoci Kamar Tukwane

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na raka babban ɗana sayen mota ba.

Ni ginin tukwane na tashi da shi, a ƙauyenmu kusa da Dawakin Tofa. A shekarar na sayar da bijimaina biyu don ya sayi akori-kura, ya riƙa kai tukwane da hatsi kasuwar Ɗambatta. In motar ta ci mu, shi ke nan, ba ni da wasu shanun. Da ya ce shi kaɗai zai je, na ce, "Kai ka yi musu yankan ciyawa?" Na ja farin mayafina na shige gaba.

Dillali ya nuna mana guda biyu. Ɗaya ja, sai ɗaukar ido take yi. Ɗayar tsohuwa ce tukuf, fentinta ya koɗe, ƙofarta ɗaure da waya. Ɗana ko kallonta bai yi ba.

Na lanƙwasa yatsa na bi jar ina ƙwanƙwasawa, yadda nake yi wa tukunya in ta fito daga gashi.

"Inna, don Allah, mutane na kallo," in ji ɗana.

Dillali ya ce, "Hajiya, ai sai ki haɗa da sallama, ko masu gidan za su fito."

Na ce, "Sun riga sun amsa, ɗan nan. Ba su da lafiya."

Gefen jar duk ɗif yake amsawa, irin na fasasshiyar tukunya da aka shafe. Tsohuwar kuwa ko'ina na taɓa sai ta amsa garau. Na sa aka tayar da su. Na kara bakin mayafina a salansar jar, ya fito baƙi, har da maiƙo. Tsohuwar ta yi tari ɗaya, ta miƙe da kuka sumul, mayafi bai ƙara dauɗa ba.

Wani tsohon bakanike da ke ta yi mana dariya ya taso, ya kankare gefen jar da mukulli. Sai ga farin ciko yana zubowa, tsatsa a ƙarƙashi.

Bakaniken ya juyo ya ce, "Inna, a wane gareji kika koya?"

Na ce, "A ramin yumɓu."

Tsohuwar muka saya, ɗana yana kumbure-kumbure har gida. Jar kuwa wani daga ƙauyen gaba ya ɗauka. Damina biyu ba ta cika ba kaji suka fara ƙwai a cikinta. Tamu har yau tana zuwa kasuwa, jikana ne ma ke jan ta yanzu.

Abin da na koya ke nan: sanin da Allah Ya sa maka a hannu, kada ka baro shi gida don za ka shiga cikin masu wata sana'a. Dariyarsu ta wuni ɗaya ce, kayan kuwa kai za ka zauna da su.