Sandar Tsoho a Ƙofar Kasuwa

Tun da aka kai hari wajen Zurmi, aka hana shiga kasuwar Shinkafi da sanda. Ga wani tsohon makiyayi a gabana, malfarsa ta sha rana, ɗan sintiri yana jan sandarsa. Ina jin sandar ma ta girmi ɗan sintirin.

"Baba, doka ce."

"Yaro, da wagga zan ci gari?"

Aka jefa ta cikin tulin sanduna. Maharan nan fa da bindigogi suka zo, kowa ya sani!

Tsoho ya shige. Can ya ɗaga hannuwa zai rataya su a sandar bisa kafaɗa, yadda ya saba. Babu ita. Ga shi tsakiyar kasuwa, hannuwa sama, kamar ɓarawon da aka kama.