Taɓarya Biyu a Ƙirjin Safara'u

Jiya ƙanwata Safara'u ta yi arba'in. Da ƙafarta ta tafi rijiya, da hannunta ta ja guga, ta ɗauko tulu ta ratso unguwa da shi kowa na kallo. Ni kam tun jiyan bakina ya ƙi rufuwa, ko kaza na gani sai in yi mata dariya. Shi ya sa na zauna in rubuta labarinta tun daga tushe, don in na bari aka jima, a karkace mutane za su faɗe shi.

Mu biyu uwarmu ta bari, ni Hajaratu da ita. A Ketare aka haife mu, na girme ta da shekara biyar. Inna ta rasu Safara'u na 'yar shekara huɗu, wata biyu bayan ta haifi ɗa namiji wanda shi ma bai zauna ba. Kumburi ya kashe ta. Abin da nake iya tunawa ƙafafunta, sai da aka kira maƙeri ya yanke munduwar da ke jiki. Manya suka ce sanyi ya shige ta, wai itacen wankan jegonta ya ƙare da wuri, ruwan bai yi zafin kirki ba. Gwaggo Baraka, ƙanwar babanmu, ita ta yi mata wankan, ita kuma ta riƙe mu. Har yau ba ta yafe ma kanta wannan itacen ba.

Da aka kama ni aka kai elemantare Kankara, Safara'u ta rage ita kaɗai wurin Gwaggo. Can ta koyi yin daddawa, can kuma ta koyi zama shiru. In na zo hutu sai in iske ta bayan rumbu tana hira da akuya. Amma shirun nan nata kar ya ruɗe ka, in ta saki magana ɗaya sai ka kwana kana sosa wurin. Da ta girma ta auri Malam Mani, manomin auduga a Sabuwa, ita ta ce ta ji ta gani. Ni a lokacin ina Faskari gidan mijina Malam Barau, kuma har yanzu Allah bai ba ni haihuwa ba.

A 1954 ta dawo Ketare goyon ciki, ta haifi Lawwali tsakiyar bazara. Malam Mani ya tara itace har ya fi danga tsawo, duk wanda ya wuce sai ya ce wannan miji ne. Gwaggo ta rantse abin da ya ci uwa ba zai ci ɗiya ba. Safe da yamma ruwa na tafasa, a tsoma ganye a fyaɗa mata har fata ta yi ja. A fito a kwantar da ita kan gadon ƙasa, garwashi na ci a ƙarƙashi, ƙofa a rufe. Kunun kanwa kuwa ƙwarya guda, kanwar har ɗaci take.

Sati na huɗu ƙafa ta fara hawa. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Sanyin ne ya biyo ta." Ta ƙara kanwa, ta ƙara wuta. Ƙafa ta ƙara hawa, ta ƙara kanwa. Da aka aiko mini na zo, na iske Safara'u jingine da bango, ta kwana shida ba ta sa haƙarƙarinta ƙasa ba, in ta kwanta numfashi ya ƙi. Jijiyar wuyanta ta miƙe tana harbawa. Ta dube ni ta ce, "Yaya, kin zo cin tuwon zaman makoki da wuri."

Na je na durƙusa gaban Baba na yi ta kuka har ya yarda a kai ta asibiti. Muka ɗora ta a jaki sai Kankara, Gwaggo na biye tana faɗin ba a taɓa fitar da maijego iska ba.

Malamin asibitin sunansa Malam Sanusi, wani siriri mai furfura. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗaga, rami ya zauna kamar an danna tuwo. Ya sa robar nan ta sauraren ƙirji ya daɗe yana ji. Sai ya ce, "Wace ce ta yi makaranta a cikinku?" Na ce ni ce, amma da ƙyar. Ya ce da ƙyar ɗin ma ya isa. Ya sa mini robar a kunne ya ɗora a ƙirjina.

"Mata nawa ke daka?"

Na saurara. Dum-dum, dum-dum. Na ce, "Biyu."

Ya mayar ƙirjin Safara'u. "Nan fa?"

Wallahi uku ne. Taɓarya uku a turmi ɗaya, da sauri, ta ukun kamar ta gaji tana jan hannu.

Ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya dunƙule hannu ya ce zuciya kamar haka take, nama ce mai ɗaki huɗu. Ɓangaren dama ya tura jini huhu ya sha iska, ɓangaren hagu ya karɓa ya tura shi har yatsan ƙafa, ya zagayo ta wasu jijiyoyin ya dawo, a sake turawa. Tun kana ciki har ranar da za a binne ka ba ta hutun juma'a. Mai ciki kuwa wata tara zuciyarta ke yin aikin mutum biyu. Ya ce kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, jini ya yi yawa, zafi kuma ya sa zuciya gudu. In ta kasa kwashe abin da ke zuwa mata, sai ruwa ya koma baya ya taru a ƙafa da huhu.

Gwaggo ta ce, "Malam, mu duk da kanwar aka yi mana, ga mu."

Ya ce, "Haka ne, Gwaggo. Jakai goma a ɗora musu kaya ɗaya, tara su kai gida, ɗaya ya durƙushe. Wannan ita ce ɗayan. Na ga irinta da yawa lokacin da nake ƙarƙashin likita a babban asibiti, kuma yawanci da zafi suke zuwa. In ta sake haihuwa, ba kanwa, ba gadon wuta, ruwa mai ɗumi kawai. Ke kuma," ya nuna ni, "kunnenki ya isa, ba sai da roba ba. In kin ji uku, ki ɗauko ta."

Ya yi mata allura, ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi. Kwana uku tana fitsari kamar an fasa randa. Wata biyu ta miƙe. Gwaggo ta ce ai wankanta ne ya yi aiki daga baya.

Bana, shekara uku ke nan, ciki ya sake zuwa. Haihuwa ta biyu a ɗakin miji ake yi, kuma uwar Malam Mani ta riga ta sayi kanwarta ta ajiye. Safara'u ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dai roƙi mijinta ya bar ta ta zo ta haihu wurina, ya yarda. Ya biyo ta Faskari, shi da maigidana suka yi kwana uku suna saran itace, suka jibge a ƙofar gida. Sai da ya koma ta ce mini, "Yaya, ko sanda ɗaya ba za a ƙona a kaina ba."

Na ce, "Kin san abin da za a ce?"

Ta ce, "Na ji abin da aka ce a kan Inna. Bai tashe ta ba."

Ta haifi mace farkon damina, aka sa mata Adama. Ranar suna Gwaggo ta iso daga Ketare da ƙullin kanwa a ka. Ta duba murhu ba tukunyar wanka. Ta shafa gado, sanyi ƙalau. Ta fito tsakar gida gaban mata ta nuna ni.

"Ke da ba ki taɓa naƙuda ba, ke za ki koya mana jego? Don kin riƙe alli shekara huɗu?"

Wannan ta shige ni. Safara'u ce ta amsa daga ɗaki. "Gwaggo, ba ita ba ce, ni ce. Jikina ne ya kumbura, ba na kowa ba."

Gwaggo ta ajiye kanwar a bakin ƙofa. Idonta ya cika da hawaye. Ta ce, "Na wanke gawar uwarki, ba zan zo in wanke taki ba." Ko ruwan gidan ba ta sha ba ta juya.

Daga ranar ƙafar mutane ta ɗauke daga gidan. Matan unguwa ba faɗa suka yi da mu ba, sun ce dai ba za a yi kisa da su a wurin ba. Maƙwabciyata Fatsuma, wadda kullum muke daka tare, sai ta koma gaishe ni ta kan danga. Malam Mani ya zo sau ɗaya, ya ga itacensa yadda ya bar shi, har ciyawa ta fara fitowa a gindi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce a Sabuwa ana cewa ya kasa yi wa matarsa itace. Bai tilasta mata ba, amma bai ƙara dawowa ba.

Kowa ya san ɗakin maijego kasuwa ne. Wannan ta shigo da ƙauri, wannan ta karɓi jariri, wannan ta yi faɗa don an buɗe ƙofa. Na Safara'u kuwa sai ƙuda. In na tafi kai abinci gona, daga ita sai jaririya sai ƙarar ruwa a kan jinka. Lawwali ma an bar shi can wurin kakarsa. Wata rana na dawo na ji tana ba akuyata labarin Sabuwa, kamar lokacin da take ƙarama. Ta ce, "Yaya, ashe faɗan Gwaggo ma abin kewa ne."

Aikina kullum da safe iri ɗaya ne. In danna ƙaurinta da yatsa, in duba wuyanta, in kwantar da kunnena ƙasan nononta na hagu in saurara. Takan ce, "To, sarkin dakan Faskari, su nawa ne yau?" In ce biyu. Miyarta daban nake yi, ba kanwa, gishiri ɗan taɓawa. Ta ce ko akuya ba za ta yi mata godiya a kan wannan miyar ba.

Kwana na ashirin da uku na danna, rami ya zauna. Ɗan ƙarami, amma ya zauna. Muka yi ta kallonsa mu biyu. Sai ta fashe da kuka, abin da ban gani ba tun rasuwar Inna.

"Ɗora tukunyar, Yaya. In mutuwa ce gara in mutu da mutane a kaina. Kada a ce na mutu da taurin kai ni kaɗai kamar mayya."

Wallahi hannuna ya kai kan itacen. Har na zaro ɗaya. Sai na tuna ban saurara ba. Na ce bari in ji tukuna. Na sa kunne, tawa zuciyar na bugawa har ta hana ni jin tata. Na ja numfashi na sake. Dum-dum. Dum-dum. Na ƙirga har ɗari ina neman ta ukun, babu ita.

Na ce, "Biyu ne. Jiya ina kika yini?"

Ashe tun safe har la'asar tana zaune kan turmi a bakin ƙofa, ƙafa a rataye, tana leƙen ko wani zai shigo. Na mayar da itacen inda na zaro shi. Na kwantar da ita na ɗora ƙafafunta kan buhun dawa. Maigidana ya ɗaure jaki a ƙofa da shimfiɗa a bayansa, ya ce in uku ta fito ko a gona yake a kira shi. Kwana biyu jakin na tsaye. Rana ta uku na danna, fata ta biyo yatsana ta dawo sumul.

Haka muka lallaɓa har jiya. Ta yi wanka, ta yi kitso, ta sa lalle, ta goya Adama ta ce in ba ta tulu. Na ce ki bari in raka ki. Ta ce a'a, in kin biyo ni za a ce ke kika ɗauko. Na tsaya a zaure ina leƙe. Mata a bakin rijiya suka buɗe mata hanya, idonsu duk a kan ƙafafunta. Ita kuwa har da ɗan ɗage zane don su gani da kyau.

Gwaggo ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Kanwarta na nan a rataye, na ce in Allah ya kai mu Ketare zan mayar mata ta ba shanu. An aika wa Malam Mani ya zo ya ɗauki matarsa. Itacen kuwa Safara'u ta ce ba inda za ya, sai ta dafa kalwa da shi ta yi daddawar da za a ji warinta har Mairuwa.

Yau da hantsi muka fito da turmi, ni da ita, muna surfen gero. Sai ga Fatsuma ta zagayo ta ƙofa, ba ta kan danga ba, da taɓaryarta a hannu. Ta yi sallama a hankali, ta ce, "Sannu da arziki, maijego," ta sa taɓarya a turmin. Muka koma uku. Ban san lokacin da na tsaya cak ba, ƙarar ta tayar mini da tsigar jiki.

Safara'u ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Daka, Yaya, daka! Wannan ukun a turmi suke."