Indararon Ɗakin Kawu

Jiya da aka yi ruwan fari na ga indararon ɗakin marigayi Kawu ya tsage, ruwa na bin bango. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya tuno mini shi.

Shi fa shinshina bango yake yi, kamar mai sayen turare. Wata shekara na dawo daga fatauci, ko takalmi ban cire ba ya miƙo mini tsani.

Na ce, "Kawu, in sha fura mana!"

Ya ce, "Sarkin yawo, ka gano Gwanja, ba ka ga tsagar gidanku ba? Hau! Kafin a gama damu azara ta jiƙe."

Yau ba mai kora ta, amma na hau, kada ruwa ya wanke shatin yatsunsa daga yaɓen. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu. Ɗakinka na nan tsaye.